Mutuwa Ta Yi Ko Doguwar Suma? Yadda Za Ka Farfaɗo Da Na'urar Waifai Da Ta Ƙi Tashi

Idan kai ɗan Kaura Namoda ne, ko Shinkafi, ko Zurmi, ba sai wani ya zaunar da kai ya yi maka bayanin darajar sabis ba. Ka ɗanɗani rashinsa. A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a samu damar yaƙar 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran garuruwa kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku babu kira, babu WhatsApp, babu tura kuɗi. Mai POS ya naɗe laimarsa, ɗalibi mai son cike fom sai ya shiga mota ya bar gari. A Afrilun 2024 kuma, harin da aka kai Zurmi bai tsaya kan jama'a ba, har turken sadarwa aka ƙona.

Shi ya sa a wannan yanki duk inda aka ce akwai waifai mai ƙarfi, nan matasa suke. Tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, shagunan kwamfuta da makarantu da ofisoshi sun samu wata ƙofar bayan ta turakun waya. To amma kwanon Starlink ko rautar kamfanin waya bakin ƙofa kawai suke kawo intanet. Mai raba shi ga mutum hamsin ko ɗari a lokaci ɗaya ita ce farar na'urar nan mai kama da faifai da ake mannawa a silin, ko a ɗaure a kan dogon ƙarfe a tsakar gida. Masu sana'ar AP suke ce mata. Irin ta manyan ma'aikatu, wato UniFi ta kamfanin Ubiquiti, da MikroTik, da Cisco Aironet, da Aruba, ta sha bamban da ƙaramar MiFi ɗin aljihunka, a ƙarfi da kuma a kuɗi.

Ranar da ta ƙi tashi, kowa sai ya ji a jikinsa. Kuma abin da yawancinmu muke yi shi ne mu cire ta mu jefa a kwali, mu fara lissafin kuɗin sabuwa da kuɗin mota zuwa Gusau ko kasuwar Farm Centre a Kano. Ka san dala, ka kuma san hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Kaura zuwa Zurmi, ba hanyoyi ba ne da mutum zai hau don abin da zai iya gyarawa a kan teburinsa. Saboda haka kafin ka yi mata sallah, zauna mu duba ko da sauran numfashi.

Fara da sanin yadda take tashi

Kar farar robar ta ruɗe ka, ƙaramar kwamfuta ce a ciki. Tana da ƙwaƙwalwa, tana da ma'ajiya, tana da manhajarta. Idan ka ba ta wuta, abu uku ne ke faruwa a jere. Na farko, wuta ta shiga allon ciki. Na biyu, wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira butloda ta farka. Aikinta kamar na yaron shago ne da ke zuwa da asuba ya buɗe ƙofa ya share kafin maigida ya iso. Na uku, butloda ta ɗauko babbar manhajar daga ma'ajiya ta tada ta, ita kuma ta karanta saitinka ta kunna waifai.

Duk na'urar da ta ƙi tashi, a ɗaya daga cikin matakan nan ta tsaya. Ko wuta ba ta isa ba, ko babbar manhajar ta lalace, ko saitin ya rikice, ko kuma allon da kansa ya ƙone. Uku na farko duk suna gyaruwa ba tare da ka kunce noti ko ɗaya ba. Abin farin cikin ma shi ne, butloda ba kasafai take lalacewa ba, domin sabunta manhaja bai cika taɓa wurin da take zaune ba. Muddin yaron shago yana nan, ana iya kawo sabon maigida.

Wuta tukuna, malam

Yawancin irin waɗannan na'urori ba su da caja kamar waya. Kebul ɗin intanet ɗin ne yake kawo musu wuta, tsarin da ake kira PoE. Wutar tana fitowa ne daga suwic ko daga wani ɗan baƙin akwati da ake kira injekta. A nan ake yawan yin ɓarna.

PoE iri biyu ne. Akwai mai ƙa'ida, wanda suwic yake fara gaisawa da na'urar ya tabbatar tana buƙatar wuta kafin ya sake ta. Ƙa'idar 802.3af tana ba da wat 15.4 daga suwic, abin da ke isa ga na'urar kuma 12.95. Ƙa'idar 802.3at, wadda ake rubutawa PoE+, tana ba da wat 30, na'urar ta samu 25.5. Dukkansu wajen bolt 48 suke aiki. Sannan akwai wanda ba ya tambayar kowa, yana sakin wuta ne kawai da zarar an jona. Tsofaffin UniFi da yawa da kayan MikroTik da dama bolt 24 na wannan nau'in suke ci. Ka ɗauki injekta mai bolt 48 irin wanda ba ya tambaya ka cusa wa na'urar da ba ta ɗaukar sama da bolt 24, shi ke nan, ka ƙona ta da hannunka. Ka ba mai buƙatar 48 bolt 24 kuwa, ko motsi ba za ta yi ba, ka ɗauka ta mutu alhali yunwa ce.

Saboda haka juya na'urar ka karanta rubutun bayanta, ka juya injekta ka karanta nasa. Su dace. Idan kana da mita, auna injektan: nau'in da ba ya tambaya zai nuna maka wuta a kan wayoyi na 4 da 5 da kuma na 7 da 8. Mai ƙa'ida kuwa ba zai nuna maka cikakkiyar wuta ba sai ya ga na'ura, kar ka ce ya lalace.

Ga wata alama da ya kamata ka riƙe. Idan na'urar tana kunnawa, ta yi kamar za ta tashi, sai ta mutu ta sake farawa, haka dai ba iyaka, fara zargin wuta. A lokacin da take kunna rediyoyinta ne take jan wuta da ƙarfi, idan injekta ya tsufa ko batirin inbata ya yi ƙasa, daidai nan take faɗuwa. Aro injektan maƙwabci mai irin lambarka ka gwada. Sau da yawa a nan labarin yake ƙarewa.

Sauko da ita ƙasa

Kar ka yi gyara tana rataye a sama. Sauko da ita, ka samu gajeren kebul na mita ɗaya ko biyu wanda ka tabbatar yana aiki, ka jona ta kai tsaye da injekta. Idan ta tashi, to dogon kebul ɗinka ne mai laifi.

Ƙa'ida ita ce kebul kada ya wuce mita 100. Amma matsalar kasuwarmu ta wuce tsawo. Akwai kebul mai arha da ake rubuta wa CCA, cikinsa alminiyum ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Saƙo yana iya bi ta cikinsa, wuta kuwa tana zubewa a hanya, kuma yana karyewa da wuri. Gane shi ba wuya: fere waya ɗaya ka kankare ta da reza, in ka ga fari a ciki, shi ne. Arha ba ta ado. Duba kuma kan kebul ɗin, wato ɗan filastik ɗin da ake matsewa. Ƙurar hunturu da danshin damina suna sa haƙoransa tsatsa, ɓera da gara ma ba sa raga wa kebul ɗin da ya bi ta cikin rufi.

Fitilar tana magana, saurare ta

A UniFi na zamani, fari mai ƙiftawa na nufin tana tashi, fari tsayayye na nufin ta tashi tana jiran a ɗauke ta a kan kwantirola, shuɗi tsayayye kuma komai lafiya. Idan tana juyawa tsakanin fari da shuɗi, aiki take yi a ciki, galibi sabunta manhaja, kar ka kuskura ka zare mata wuta. A Cisco, idan ka ga tana ta zagaya launuka, kore zuwa ja ta sake komawa, sau da yawa lafiyarta ƙalau, kwantirolarta take nema ba ta gani ba. Za mu dawo kan wannan.

Idan babu fitila kwata-kwata, kar ka yanke hukunci tukuna, domin ana iya kashe fitilar UniFi daga saiti. Dubi fitilar ƙofar laftof ko ta suwic ɗin da ka jona ta. In ta kama, akwai rai.

Ɗan ramin nan na riset

Kusa da inda kebul ke shiga akwai ɗan rami. Samu allura ko tsinken cire sim, ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa 10 tana kunne, idan UniFi ce. A MikroTik, zare wuta, danna maɓallin, mayar da wuta kana riƙe, ka saki da zarar fitila ta fara ƙiftawa, wajen daƙiƙa 5. Wannan yana goge saiti ne kaɗai: sunan waifai, kalmar sirri, lambobin adireshi, duk za su tafi. Idan na'urar ta wani ce, gaya masa haka kafin ka danna, kuma ka tambaye shi ko yana da ajiyar saitin. Idan saiti ne ya rikice, za ta tashi fes kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

In ta ƙi, to mun zo babban aikin.

Filashin, kamar dai na waya

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai gyara ya san filashin. Nan ma haka ne: za a zuba wa na'urar sabuwar manhaja a madadin wadda ta lalace. Me ke lalata ta? Babban dalili shi ne ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa. Na'urar ta goge tsohuwar, ta rubuta rabin sabuwar, sai janareto ya shaƙe. Da aka dawo da wuta, butloda ta duba ta ga rabin kaya, ta tsaya.

Kamfanonin sun san haka na faruwa, shi ya sa suka bar ƙofar baya. Yawanci ana bi ne ta wata tsohuwar hanyar tura fayil da ake kira TFTP, wadda ake amfani da ita tun farkon shekarun 1980. Ba ta tambayar suna ko kalmar sirri, tana da sauƙin da ko butloda za ta iya fahimta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin ka fara, tanadi abu huɗu: laftof mai cikakken caji da ƙofar kebul, gajerun kebul biyu, wutar da ba za ta yanke ba kamar inbata ko UPS, da fayil ɗin manhajar. Fayil ɗin daga shafin kamfanin za ka sauke, kuma ya zama na ainihin lambar samfurin da ke rubuce a bayan na'urarka. Biyu na iya kama da juna kamar tagwaye amma cikinsu daban. Kar ka karɓi fayil daga guruf ɗin WhatsApp ko Telegram. Kuma ka sauke shi tun sabis yana nan, ka ajiye a filashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kan laftof ɗin, kashe waifai, ka dakatar da katangar tsaron Windows na ɗan lokaci, don ita ce ke toshe aikin ba tare da ta gaya maka ba.

Idan UniFi ce: ba wa ƙofar kebul ta laftof adireshi da hannu, misali 192.168.1.25, da 255.255.255.0 a layi na biyu. Jona laftof da ƙofar LAN ta injekta. Danna riset ka riƙe, sannan ka jona na'urar da ƙofar PoE kana riƙe, har fitila ta fara zagaye uku: fari, shuɗi, ɗif. Saki. Yanzu tana zaune a adireshin 192.168.1.20 tana jiran kaya. Da manhajar Tftpd64, ko da umarnin tftp -i 192.168.1.20 put sai sunan fayil, ka tura mata. Turawar ba ta daɗewa, rubutawar ce ke ɗaukar mintuna. Cire hannunka, je ka sha ruwa. Da kanta za ta mutu ta tashi.

Idan MikroTik ce, kamfanin ƙasar Latbiya, suna da tasu manhajar kyauta mai suna Netinstall. Ba wa laftof adireshi kamar 192.168.88.2, ka buɗe Netinstall, ka kunna sashen tashi ta kebul ka ba shi 192.168.88.3. Jona ta ƙofa ta farko. Danna riset, ba ta wuta, ka ci gaba da riƙewa har fitila ta yi ƙiftawarta, ta tsaya, ta mutu, wajen daƙiƙa 15. Sunan na'urar zai bayyana a taga. Zaɓi fayil ɗin RouterOS da ya dace da ƙwaƙwalwarta, ka danna girkawa. In ba ta bayyana ba, kusan kullum katangar tsaro ce ko wata ƙofar intanet da ka bari a buɗe a laftof. Sake gwadawa, ba abin kunya ba ne a yi sau uku.

Idan tsohuwar Cisco Aironet ce, irin su 2600 da 2700 da 3600 da 3700 da suka cika kasuwar gwanjo, ita ce ke zuwa neman fayil a wurinka. Ba wa laftof 10.0.0.2, ka kunna Tftpd64, ka sa fayil ɗin a jakarsa, ka sauya masa suna zuwa ap3g2-k9w7-tar.default. Riƙe maɓallin MODE, ba ta wuta, ka jira daƙiƙa 20 zuwa 30 har fitila ta koma ja, ka saki. Za ta ba wa kanta 10.0.0.1 ta jawo fayil ɗin. Ka lura Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga kamar ka sauya alhali tsohuwar wutsiya na nan a maƙale. Sabbin samfura irin su 2800 da 3800 da jerin Catalyst 9100 kuwa tsarinsu daban ne, wannan dabarar ba tasu ba ce.

Idan ta yi shiru, sa kunne a ƙirjinta

Wani lokaci duk ka yi waɗannan, shiru. To akwai hanyar da za ka ji abin da na'urar ke faɗa da bakinta. Cisco da Aruba suna da ƙofa ta musamman da ake kira kwansol. Da kebul ɗinta da manhajar PuTTY, ka saita gudun a 9600, ka ba ta wuta, rubutu zai fara zubowa a allon laftof. A nan za ka ga inda ta tsaya: ko ba ta ga manhaja ba, ko ma'ajiya ta ƙi karantuwa, ko wuta ta yi mata kaɗan. Idan Cisco ta tsaya a ap: ko Aruba ta tsaya a apboot> to albishirinka, butloda ce ke jiran umarni.

Waɗanda ba su da ƙofar a waje, galibi suna da 'yan ƙusoshi uku ko huɗu a kan allon ciki. Ana jona su da ɗan adafta na USB mai CP2102 ko CH340, wanda aka saita a bolt 3.3. Waya uku kaɗai za ka haɗa: GND da GND, TX na adafta da RX na allo, RX da TX. Ta huɗun, mai kawo wuta, bar ta. Gudun a nan yawanci 115200 ne. In ka ga rubutun aljanu a allo, gudun ne bai dace ba, sauya shi.

Gargaɗi ɗaya kafin ka fara buga umarnin gogewa da ka gani a YouTube. A cikin ma'ajiyar na'urori da yawa akwai wani ɗan sashe da aka rubuta a masana'anta, mai ɗauke da lambar shaidar na'urar da awon rediyonta. Kowace da nata, ba a saukewa a intanet. Ka goge shi, na'urar za ta tashi amma waifai ya tafi ke nan. Duk umarnin da ba ka fahimta ba, kar ka danna.

Tarkon kayan gwanjo

Da yawa daga cikin manyan na'urorin da ke shigowa hannunmu, kamfanonin Turai da Amurka ne suka gama amfani da su, suka bi ta Computer Village a Ikeja suka iso Kano. Ƙarfe ne mai kyau, amma wasu da igiya a ƙafa suke zuwa.

Cisco mai k9w8 a sunan manhajarta ba ta aiki ita kaɗai, sai da kwantirola, akwatin da ke ba ta umarni. Ka kunna ta shekara, launuka kawai za ta yi ta juyawa. Mai k9w7 ce ke tsayawa da ƙafarta. Kuma Cisco ba ya sakin fayilolinsa ga kowa sai mai rajista da su, don haka ka nemi mai sayarwa ya juya maka ita ka ga sunan waifai ya fito a wayarka kafin ka biya. Cisco Meraki kuwa sai da lasisin da ake biya, kuma idan tana rajiste a asusun tsohon mai ita, ba za ka iya ɗaukarta ba sai ya sake ta. UniFi da ke nuna wani ne ke riƙe da ita, riset ya isa.

Wasu samfuran da kamfani ya daina kula da su suna karɓar OpenWrt, manhajar kyauta da masu sa kai a duniya suke ginawa tun 2004. Duba jerin na'urorin da ke shafinsu, in taka na ciki, ta samu rayuwa ta biyu.

Sannan maganar gaskiya: idan wani ya kawo maka na'ura mai tambarin makaranta ko asibiti ko ofishin gwamnati ya ce ka goge masa, tambaye shi takarda. A gari irin Zurmi ko Shinkafi kowa ya san kowa. Suna ɗaya gare ka, kar ka sayar da shi a kan kuɗin gyara.

Yaushe za ka haƙura?

Buɗe ta ka shinshina. Ƙaurin ƙuna, baƙin tabo kusa da ƙofar kebul, ko ɗan guntun da ya fashe, alamar tsawa ce ko wutar da ta wuce kima. Wani lokaci ɓarnar a sashen karɓar wuta kaɗai ta tsaya. Idan na'urar tana da ramin adafta na daban, gwada ta nan, tana iya tashi. Kafasita da ta kumbura kuma, duk ƙwararren mai gyaran waya ko talabijin zai iya sauya ta da dalma. Amma idan babbar ƙwaƙwalwar ta yi zafin da ba ka iya ɗora yatsa cikin daƙiƙu kaɗan, kuma kwansol bai fitar da ko harafi ɗaya ba, to ta riga mu. Ko a nan kar ka jefar. Ajiye ta, kayan cikinta za su ceci wata.

Rigakafi

Yanayinmu ba ya wasa da kayan lantarki. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano, alhali na'urorin cikin ɗaki da yawa iyakar abin da aka gina su su jure ke nan. Kar ka manna ta a jikin kwano, kar ka ɗaure ta ɗaki a waje cikin leda. Ta waje daban ce. Da damina, duk kebul ɗin da ya hau dogon ƙarfe ya zama hanyar tsawa: sa masa abin tare tsawa na kebul, ka ja waya zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, in hadari ya taso da gaske kuma ka zare. Kashe sabuntawa ta kai-tsaye a kwantirola, ka riƙa yi da hannunka da rana lokacin da sola ta cika batir. Rubuta bolt ɗin kowane injekta a jikinsa da maka, don yaron shago kar ya musanya. Ajiye kwafin saiti a filashi da kuma imel.

Sana'a ce a ɓoye

Kaura Namoda gari ne da ya saba zama ƙarshen layi. Nan dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya tun 1929. Wanda ke ƙarshen layi kuwa, komai a makare yake iso masa, har da mai gyara. Amma garin yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, cike da matasa masu karatun lantarki da kwamfuta. Shinkafi tana da kasuwar Alhamis da ke tara mutane har daga Sakkwato da Nijar, kuma ciniki da yawa yanzu ta waya ake yi. Duk mai shago ko shugaban makarantar da na'urarsa ta suma, zai fi son ya kira ɗan unguwa da ya jira wani daga Kano.

Kayan aikin ba su da yawa: laftof ko da tsohuwa ce, mita, abin matse kan kebul, injekta mai 24 da mai 48, kebul ɗin kwansol, ɗan adaftan USB, da filashi mai fayiloli. Ilimin kuma Cisco Networking Academy na da darussan farko kyauta a intanet, ga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023. Ke ma 'yar'uwa, aikin nan na tebur ne da natsuwa, kuma makarantun mata da gidajen da namiji ba ya shiga suna buƙatar mai yi musu.

Nemi matacciyar na'ura ɗaya a shagon da ka saba shiga, ka roƙi mai ita ya ba ka aro. Ba abin da zai yi asara, dama ya fid da rai. Bi matakan a jere: wuta, kebul, fitila, riset, filashin, kwansol. In ta tashi, ka yi cinikinka na farko. In ta ƙi, rubuto mana lambar samfurin da irin launin da fitilar ke nunawa, mu duba tare a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.